Akuyar da Ta Tsaya a Bakin Ƙofa

A wani zamani, wani tsoho ya ƙirƙiro wasan kwamfuta na akuya mai tsallake katanga. Bayan mataki uku sai akuyar ta tsaya a bakin wata ƙofa, rubutu ya fito: "Aiko da sunanka da kuɗin ƙosai, in ba ka lambar buɗewa."

Wata yarinya kullum sai ta buga wasan. Kullum in ta iso ƙofar sai ta ce, "Sai gobe."

Sai da shekara ta zagayo sannan ta aika da sunanta da kuɗin. 'Yar tsohon ce ta amsa: "Ƙanwata, Baba ya rasu da azumi. Kullum yana tambaya ko wani ya rubuto. Ke ce ta farko. Lambar kuwa shi kaɗai ya san ta."

Har yau akuyar tana bakin ƙofa.