Sawun Safa a Ɗakin Sarki Baskore

Ƙarfe biyu na rana Dakta Zouera ta dawo labo, ɗakin awonta, daga cin abinci, ta tarar da akwati wayam. Ƙoƙon kan Sarki Baskore, wanda ta haƙo a kufan Birnin Tsamiya ta kawo Lyon don awo, ya yi ɓatan dabo. Jibi za a nuna shi a Paris, kuma da sunanta aka aro shi. In bai dawo ba, aikinta na shekara tara ya bi ruwa.

Kaftin Nazifa, 'yar sanda haifaffiyar garin Stains kusa da Paris, ko kallon akwatin ba ta yi ba. Ƙasa ta tsura wa ido. Farar hoda ta zube a gindin teburi, ga sawun safa a kai ɓaro-ɓaro, har da shatin gwiwoyi biyu. 

Mutum uku ne suka shigo ranar. Ilya direba tun hantsi yana hanyar Paris, an tabbatar. Aishat mai hoto ƙafarta ba ta kai rabin sawun ba. Saura Alhaji Bukari, wakilin mutanen Birnin Tsamiya, da ya zo daga Aubervilliers.

"Baba, mi mutane ke cewa kan sarkin nan?" Nazifa ta tambaye shi.

"Ƙarya suke! Wai gudu ya yi, aka sare shi ta ƙeya. Shekara ɗari shida ana muna gori."

"Ku jikokinsa ne ke nan?"

Ya gyaɗa kai.

"Dokar labo, ba a shiga sai da takalmi," in ji Nazifa. "Ɓarawo kuwa ba ya tsayawa tuɓe nasa, balle ya durƙusa wa ƙashi. Sai wanda ke ganin gaban sarki ya zo. In ga safarku?"

Tafin safar fari fat. Dattijon ya buɗe jakarsa, ga ƙoƙon naɗe cikin rawaninsa.

"Na ji tsoro a tabbatar da gorin gaban Turawa."

Zouera ta karɓa, ba ta san sanda ta yi guɗa ba. Ta juyo masa da ƙoƙon.

"Baba, ba ku duba ba? Sara uku, duk a goshi! Ƙeya lafiya lau. Gaba da gaba ya mutu!"

Alhaji Bukari ya sake tuɓe takalmi, ya durƙusa yana kuka.