Rabin Hansatu

Na'urar da ke bayan kunnen Hansatu ta yi ƙyas, rabin ƙwaƙwalwarta na dama ya kwanta barci, na hagu ya tashi ya ci gaba da lura da famfunan ruwan Sabuwar Gusau. Karɓa-karɓa ake ce wa na'urar. Tun da aka ƙirƙiro ta ma'aikaci ya daina barci gaba ɗayansa, wai don kada birni ya tsaya.

Masana sun yi bayani tiryan-tiryan: ɓangaren hagu ke riƙe da magana da sunaye da lissafi, na dama kuwa shi ke gane fuska da taushin murya. Abin da suka ɓoye shi ne akwai gadar jijiyoyi tsakanin biyun, kuma in aka daina bin ta shanyewa take yi, ba gyara. Ta Hansatu ta daɗe da shanyewa.

Ran nan ƙanwarta Lantana ta zo har wurin aiki ta ce jikin Inna ya yi tsanani, ta zo su yafi juna tun da sauran numfashi. Hansatu ta bi ta gida, ta shiga ɗakin, rabin hagu ne a farke. Ta ga wata tsohuwa kwance, ta yi mata gaisuwar baƙi, sannan ta tambaya ina Inna. Lantana ta rantse ta maya cewa ita ce. Hansatu ta ce ita fa fuska ba ta gaya mata komai, in tsohuwar ta san ta, to ta faɗi sunanta.

To, nan ake yin ta. Hansatu 'yar fari ce, tun da aka haife ta Inna ba ta taɓa kama sunanta ba don kunya, sai dai ta ce "waccan". Baiwar Allah ta juya fuska bango. Lantana tana kuka tana lallashi, Hansatu na tsaye ƙiƙam kamar mai jiran mota. Abin tausayi, wallahi.

Na'ura ba ruwanta, lokacinta ya yi, ta yi ƙyas. Nan take Hansatu ta gane fuskar uwarta. Ta zube ta rungume ƙafafunta, ta buɗe baki, ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Daidai lokacin Inna ta juyo.

"Hansatu," ta ce, "na yafe miki duniya da lahira. Ke ma ki yafe mini."

Hansatu ta ji murya mai daɗi, amma me aka ce, oho. Rabin da ke fahimtar magana yana can yana barci. Inna ta zuba wa bakin 'yarta ido tana jira, har ta cika.

Da la'asar na'ura ta sake yin ƙyas, tare da saƙon cewa ana nemanta wurin aiki. Hansatu ta tsinci kanta a ƙasa, mayafinta ya jiƙe sharkaf ba ta san dalili ba. Ta dubi gadon da aka lulluɓe.

"Lantana," ta ce, "har yanzu ba ta faɗi sunan nawa ba?"