Numfashi a Bakin Bututu

Ranar da ya fara ganinta, tsawa ta daka masa.

"Malam, kar ka taɓa teburin nan!"

Mai gyaran na'urori ne, an turo shi ya duba fankar ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Saboda rashin maganarsa ake ce masa Shiru-shiru. Ita kuma ɗaliba ce, 'Yar Duhu ake kiranta, don kullum tana kulle ita kaɗai a ɗakin da aka toshe tagoginsa da baƙin labule.

Da ta ga ya daskare, sai ta sassauta. Ta nuna masa madubai biyu masu fuskantar juna, wani siririn haske mai ƙarfi da ake kira lesa na kai da kawo tsakaninsu sau dubbai. Wani siririn bututu ke zuƙo iska daga bayan taga. In akwai gas a ciki, ko ƙanƙani ne, hasken zai mutu da wuri. Aikinta shi ne ta lissafa a kwamfuta yadda zai mutun.

Ya ce "To." Ita ce kaɗai kalmar da ta samu. Amma fa bawan Allah ya tafi da ciwon so.

Daga ranar lissafinta ya rikice. Kullum ƙarfe goma na safe layin awon da ke kan allon kwamfuta sai ya yi tsalle. Ta goge madubai, ta sake lissafi, har kuka ta yi, ba mai lallashi.

Rannan da goma ta buga, ta zagaya bayan ginin. Sai ga shi tsaye dab da bututun, yana rubuta saƙo a waya yana gogewa.

"Ashe kai ne! Numfashinka na'urata ke kamawa!"

Da yamma saƙon ya iso: "Ki yi haƙuri, 'Yar Duhuna. Ƙofarki nake so in ƙwanƙwasa, ƙafata ke ƙarewa a taga."

Ta mayar masa: "To ka ci gaba da tsayawa, Shiruna. Na saba da tsallen."

Da maganar ta kai gida, Abbanta ya ƙi. Akwai wani Dakta, ɗan amininsa, mai zuba kamar rediyo, shi yake so ta aura.

"Wanda ya zo gabana ya kasa haɗa kalma uku? Ina alamar so a nan?"

Shiru-shiru ya ga motar Dakta a ƙofar gidansu, ya ɗauka an gama. Ya daina zuwa.

Layi ya miƙe sambal. Malaminta ya yaba, ya ce lissafi ya yi. Ita kuwa ƙarfe goma sai ta zauna ta zuba wa allo ido, ɗakin ya yi mata faɗi. Wallahi ba ta taɓa tsanar abu kamar miƙaƙƙen layin nan ba.

Ta rubuta masa: "Aikina ya gyaru. Ni ce ban gyaru ba."

Bai amsa ba. Sai ta buga takardun awon duka, ta shimfiɗa su gaban Abba, ta yi masa bayanin bututun.

"Abba, kowane tsalle a nan shi ne. Ka ƙirga."

Ya sa tabarau, yana bi da yatsa. Arba'in da ɗaya.

"A cikin rana yake tsayawa?"

"Ko inuwa babu a wurin."

Abba ya cire tabarau, ya tuna: Dakta sau biyu ya zo, kuma ko daga mota bai fito ba.

"Kira min Shiru-shirun."

Ranar ɗaurin aure, Abba ya riƙe hannun angon, idonsa ya kawo ruwa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya tagari. Ita kaɗai gare ni, ka riƙe min ita amana. Kai kuma daga yau ka riƙa ƙwanƙwasa ƙofa, an buɗe maka."

Shiru-shiru ya sunkuyar da kai ya ce, "To."