Baƙin Tabo a Zanen Gulma

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka kawo wa Sufeto Abdussamadu Hodi ƙarar da ta ba shi haushi: an sace zanen hoto a wani zauren baje koli a Birnin Kebbi. Ba saniya ba, ba babur ba, wai zane.

Mai zanen, Ummu Hani, ta miƙa masa hotonsa a takarda. Shi dai bai ga mutum ba, bai ga gida ba, sai jirwayen ja da shuɗi kamar an ɓarar da kwanon fenti, da wani baƙin tabo a gefe.

"Mene ne wannan, malama?"

"Gidanmu na Gulma na, yallaɓai, yadda nike tuna shi kahin ambaliya ta ci shi da Innarmu ciki. Da lakar gulbi niy yi shi. Ƙyallen ga na tsakiya, shi kaɗai yar rage cikin tuhwahinta."

Sufeto ya daina murmushi.

A zauren ya tarar ɓarawon bai ɗauki katakon da aka kafa zanen a kai ba. Ƙusoshin ya zare ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe zanen, ya bar ƙaiƙayin shinkafa a ƙasa.

Bayo, mai kula da wurin, ya rantse ko ƙofa bai leƙa ba. Mai abincin da ke tsallaken titi ta ce sa'a guda ya yi a bencinta. Nan ya sauko, ya ce akwai mutumin da ya zo kwana uku a jere, yana tsayawa gaban zanen shiru: Aminullahi, yayan mai zanen.

Washegari da hantsi Sufeto da sajensa suka ɗauki Ummu Hani suka nufi Argungu, inda yayan nata yake noma. Suka iske Aminullahi a masussuka, ana bugun shinkafa.

"Ni ban san kan shirmen ga nata ba," in ji shi. "Ko tsayawa kallonai ban yi ba."

Sufeto ya miƙa masa hoton a kife, kamar yadda ya miƙa wa Bayo da Saje jiya ba wanda ya lura. Aminullahi ya karɓa, hannunsa ya juya shi daidai tun bai yi tunani ba, ya danne baƙin tabon da babban yatsa.

"Wanda bai kalla ba, ya aka yi ya san sama da ƙasa? Me kake rufewa?"

Aminullahi ya zauna a kan buhu.

"Kwaɗo na," ya ce. "Inna ta rikice, tana hita ta ɓace. Ran nan niƙ ƙulle ta ɗaki, nit tai fadama in ceci shinkahwa. Kahin in komo ruwa ya kai rufi. Shekara shidda ban hwaɗi ma kowa ba, sai ga wagga ta rataye shi bango duniya na kallo."

"Ina zanen?"

"Na wanke shi gulbi."

Ya zaro ƙyallen daga aljihu, har yanzu da danshi. Abin da ya rage ke nan.

Sufeto ya sha jin masu laifi suna amsa laifinsu, amma bai taɓa jin irin wannan ba. Ya dubi Ummu Hani. Ba ta yi kuka ba, ta dai karɓe ƙyallen daga hannun yayanta.

"Yaya, ba kwaɗo ba na," ta ce a hankali. "Tukunyar tuwonta ta. Wallahi ban san an ƙulle ta ba sai yau."

Masu bugun shinkafa suka ajiye sanduna. Saje ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Aminullahi ya tashi da kansa ya nufi mota, yana kiran sunan ƙanwarsa, ita kuwa ba ta waiwayo ba.