Wanda Ya Gusar da Turakun Rafi

Da hantsi rahoto ya iso teburin Sufeto. Jirgin fasinja da ya taso daga tafki, ya biyo rafi zuwa gari, ya kafe a taɓo. Wani manomi da maciji ya sara ya cika a ciki, ba a kai shi asibiti ba.

Jirgin ofis ba mai. Sai aron kwale-kwale aka yi, Kofur na turawa da gora, kainuwa na sarƙe su, Sufeto na ta tsaki.

Sun tarar da matuƙin zaune a jirginsa, taɓo har ƙugu.

"Barci kake yi da jirgin ya kafe?" in ji Sufeto.

"Ranka ya daɗe, turaku na bi. Su ke nuna mana inda zurfi yake. Yau sai suka kai ni tudu."

Sufeto ya sa Kofur ya tumɓuko turke ɗaya. Gindinsa jar laka ce, alhali taɓon wurin baƙi ne wuluk. Jar ƙasa kuwa sai can gaɓar dama, inda rafin ya lanƙwasa. Daga can aka ciro su.

A mashigar gari ya yi ta tambaya har maƙogwaronsa ya bushe. Masu kifi ba su gani ba. Masu dako ba su ji ba.

"Garin makafi da kurame na zo ke nan," ya ce wa Kofur.

Wata mai wanki ce ta yi suɓul da baka, ta ce ai Dogo, ɗaya matuƙin, ya wuce lafiya lau da safe.

Aka samo Dogo yana goge inji.

"Yau ko ruwa ban taɓa ba," ya ce.

"Injin nan da ɗuminsa. Ka wuce, kuma ba ka kafe ba. Me ya sa ba ka bi turaku ba?"

"Na saba da hanya ne."

"Shi wanda ya kafe ɗin baƙo ne? Mutum ya mutu, Dogo. Ko ka faɗi wanda ka gani, ko kai ka ɗauki kayan."

Dogo ya daɗe yana murza tsumma a hannu.

"Kawuna ne. Na ce masa ya mayar, ya ce in rufe masa baki."

Kawun tsoho ne mai lambu a gaɓar dama. Sun same shi yana jera buhunan yashi a bakin ruwa, inda gaɓar ta zabtare.

"Baba, ina kake da sassafe?"

"Ina ban ruwa, ɗana."

"Tattasan nan a bushe suke. Nuna mini hannuwanka."

Tafukan duk sun sale, ɓawon itace ya shiga cikin tsagar. Tsohon ya zauna a kan buhu, ya nuna wani tudun ƙasa da ya rage taku kaɗan ruwa ya cim masa.

"Uwar 'ya'yana ce binne a nan. Duk jirgin da ya wuce, igiyar ruwansa sai ta gutsuri gaɓar. Na roƙi matuƙa su rage gudu, suka yi dariya. Na je ofishinku, aka ce in dawo gobe. Na dawo, aka ce gobe."

Sufeto ya kau da kai. Ya tuna fuskar.

"Na ce bari in matsar da turakun kaɗan, jirage su nisance ta. Ban san da mara lafiya ba."

"Mamacin ya bar mata da yara, Baba."

"Na sani. Tare muke sallar Juma'a."

Kofur ya zaro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya kama hannun tsohon da kansa zuwa kwale-kwale.

"Turakun fa?" in ji tsohon.

"Yau za a mayar da su inda suke."

Tsohon ya waiwaya, ya dubi buhunan da bai gama jerawa ba, sannan ya shiga ya zauna.