Motar Da Ba A Zuba Wa Ruwa Ba

Sedami na zaune a bakin gado, ƙafafunta cikin robar ruwan ɗumi, mijinta Romarik na durƙushe yana matsa mata su, sai wayarta ta yi ƙara. Yayanta ne, Fofo Anise, daga garinsu Wida. Bai tambayi lafiyarta ba, balle ta cikin da take ɗauke da shi. Ya ce dangi sun zauna sun tsai da lokacin binne Baba, an kuma raba wa surukai kasonsu. Mijin babbar yaya zai kawo 'yan badujala, mijin mai bi mata rumfuna da abin sha, Romarik kuwa sa zai kawo, ƙato, wanda za a zaga unguwa da shi kafin a yanka.

Mu dai mutanen Wida ba ma gaggawar binne dattijo. Gawa sai ta yi watanni a mutuware ana tara abin fita kunya, kuma a ranar ba wanda ke kallon mamaci, surukai ake kallo.

Sedami ta ajiye wayar, ta san inda Fofo ya dosa. Ita da bakinta ta gaya masa, wata rana da murna ta kwashe ta, cewa adashinsu ya fito za su sayi mota. Ba motar gayu ba ce. Ciki biyu ta yi a baya, duka suka zube, kuma duka bayan ta sha jijjiga a bayan zem, wato babur ɗin haya, a kan hanyar unguwarsu Wome, wadda rabinta yashi ne rabinta ramuka. Da ta samu wannan na ukun, ungozoma ta kalli Romarik cikin ido ta ce in har yana son ya ji kukan jariri a ɗakinsa, kada matarsa ta sake hawa babur.

Romarik malamin firamare ne, mai sanyin murya, amma in ya kafe ko turke albarka. Ya saurare ta har ta gama, hannunsa na kan ƙafarta.

"Zan kawo rago, zan kawo zanen da za a lulluɓe Baba, zan je in durƙusa a gaban kowa," in ji shi. "Amma kuɗin nan na wanda ke cikinki ne. Baba ya riga ya isa inda za shi, masoyiyata. Wannan ne bai iso ba tukuna."

Ta fashe da kuka, don ta san gaskiyarsa, ta kuma san danginta.

Ranar Asabar ya ɗauki tasi ta musamman suka tafi Sekanji, inda ake jibge motocin da jirgi ya sauke. Rana na dukan ƙarfe, dillalai suka yi musu caa, kowa na jan rigarsa yana kiran sa shugaba. Wannan ya nuna masa jif mai baƙin gilashi, ya ce in ya shiga da ita gidan surukai har kaji sai sun gaishe shi. Wancan ya ce ga wata, wata tsohuwar baturiya ce ta hau ta, coci kawai take zuwa da ita. Duk motar Sekanji ai ta tsohuwar baturiya ce mai zuwa coci, ban san yawan tsofaffin da ke can ba.

Romarik bai kula fenti ba. Ya zo da kwanon sha daga gida. Duk motar da ta kwanta masa, sai ya cika kwanon da ruwa ya ɗora a kujerar baya, ya ce a zaga da shi ta kan ramukan bayan fili, shi kuma ya juya yana kallon kwanon. Dillalai suka yi ta dariya, wani ya ce malam ko kifi zai riƙa kiwo a ciki. Mota bayan mota ruwan na fantsama. Sai can a ƙarshen layi suka samu wata Toyota mai ƙofa huɗu, ruwan toka, da ɗan ƙwarzane a ƙofar baya, ba babba ba, ba ƙarama ba. Ta hau ramukan ta sauka, ruwan ya yi rawa ya koma ya kwanta. Romarik ya leƙo ta taga ya ɗaga wa matarsa kwanon kamar wanda ya ci kofi, ita kuma tana daga inuwa tana dariya tana share hawaye.

Ba ta shiga motar ba ranar. Ba 'yar gidan da za ta shiga sabuwar motar mijinta kafin Tanyi, ƙanwar mahaifi, ta zuba wa tayoyin ruwa ta kira sunayen kakanni. Bakin Tanyi shi ne bakin gida, abin da ta sa wa albarka ya albarkatu, abin da ta yi wa shiru kuwa kowa sai ya ja jiki. Da takardu suka kammala aka sa lamba, Romarik ya wanke motar ya tuƙa ta shi kaɗai zuwa Wida, da kwalbar barasar sodabi da goro.

Tanyi Sika ko leƙowa ba ta yi ba. Daga cikin ɗaki ta aiko masa da amsa, Fofo Anise ne ya isar, har da ƙarin gishiri. Ta ce ɗan'uwanta na kwance cikin ƙanƙara kamar kifi, suruki na yawo da nasa san mai taya huɗu, to ba ta da ruwan da za ta zubar a kan wannan.

Haka motar ta dawo ta tsaya a gindin mangwaro a tsakar gidan hayarsu. Romarik ya kai ta coci Fada ya yayyafa mata ruwa mai tsarki, ya dawo da murna ya buɗe wa matarsa ƙofa. Sedami ta zo har bakin ƙofar, ta dafa kujerar, ta ji laushinta, sai ta ja da baya.

"Ruwan Fada daban, ruwan Tanyi daban," ta ce. "In na shiga wani abu ya samu cikin nan, me zan ce wa kaina? Kowa zai ce ni na kashe shi da taurin kai. Ni ma haka zan ce."

Wani mijin da tsawa zai yi, ko ya sungume ta ya sa a ciki. Romarik ya rufe ƙofar a hankali ya ce to.

Watannin da suka biyo baya sun yi musu ɗaci. Babur an hana ta, mota ta hana kanta. Ranar awo sai ta taka da ƙafa cikin yashi har bakin kwalta inda ake samun tasi, tana tafiya tana hutawa a gindin kowace bishiya, Romarik na biye da ita da lema, motar kuwa na gida tana shan inuwa. Maƙwabta suka samu abin yi. Mai sayar da tuwon akasa ta bakin layi takan ce malam ya sayi amarya ya killace, uwargida na tafiya a ƙasa. Duk Lahadi bayan coci sai ya tafi Wida ya durƙusa a ƙofar Tanyi, ya dawo gwiwar wandonsa da ƙasa, ba tare da ya ga ko ƙeyarta ba. Fofo Anise kuwa kullum yana kan waya, wai a sayar da motar a sayi sa, magana ta ƙare, in ba haka ba bayan jana'iza Sedami ba za ta koma gidan wanda ya raina ubanta ba.

Wata safiya ta tarar da Romarik yana goge gilashin motar, ƙafafunta sun kumbura, zuciyarta ta gama karaya. Ta ce ya sayar kawai su huta, ta gaji, ba ta da sauran ƙarfi. Ya sunkuya ya matse tsumman hannunsa. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"In na sayar, ranar da naƙuda ta zo a kan me zan kai ki? Na riƙe ki sau biyu a bayan babur kina zubar da jini a cinyata, Sedami. Su zage ni, su tsine mini, ba zan yi na uku ba."

Ranar jana'iza ta zo cikinta ya tsufa. Ta shiga tasin haya da anko a jikinta, Romarik ya biya mata kujerar gaba ita kaɗai, ya bi bayansu da motarsa, ba kowa a ciki sai rago a but. A Wida aka hana shi ajiye ta kusa da rumfa. Ƙofar gida ta jif-jif ce, waɗanda Fofo da manyan surukai suka sauko daga ciki ana guɗa ana yi musu fifita da zannuwa. Ya kai tasa can bayan masu suyar aloko, wato soyayyar ayaba, ya kulle. Da aka zo gabatar da kayan surukai ya shigo yana jan ragonsa, 'yan badujala suka busa masa wani ɗan siririn sauti irin na kukan akuya, rumfa ta ɗauki dariya. Sedami ta sunkuyar da kai, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka kira 'ya'yan mamaci su taka rawa a yi musu liƙi. Ta ce ba za ta iya ba, aka ce 'yar da ba ta kawo sa ba ai ta kawo ƙafa. Ta miƙe ta shiga fili, rana tsaka, ta ɗan taka kaɗan. Sai ta ji wani abu ya tsinke a mararta, ɗumi ya bi ƙafarta. Da ta duba, zanen ankon ya rine.

Wuri ya hargitse. Mata suka tare ta, aka shiga kiran a kawo mota. Fofo Anise ya ruga ƙofar gida, ya tarar da wayam. Jif-jif ɗin duk na haya ne, kuma Asabar a Wida ba jana'iza ɗaya ake yi ba. Direbobin sun sauke su sun wuce kwasar surukan wani gidan, sai yamma za su dawo. Ya tsaya da waya a kunne yana zufa cikin babbar rigar leshi, ba mai ɗauka. Wani ya tsai da zem.

Kafin a ɗora ta, motar ruwan toka ta kutso tsakanin kujeru ta tsaya, Romarik ya fito ya wangale ƙofar baya. Aka tallabo Sedami har bakin ƙofa. Ta sa hannu biyu ta riƙe ƙarfen gam, jini na ɗiga a yashi.

"Ba a zuba ruwa ba," ta ce. "Romarik, ba a zuba ba."

Ya roƙe ta da Allah, ya roƙe ta da abin da ke cikinta, yatsunta suka ƙi saki. Tsoro ya riga ya gama da ita. Sai ya juya ya ratsa mutane zuwa inda Tanyi Sika ke zaune a kujerar manya, ya zube a gabanta, goshinsa a ƙasa, a gaban duk waɗanda suka yi masa dariya ɗazu.

"Tanyi, ni na yi laifi, ni za a hukunta. Ki raba mu in kin ga dama, ki karɓi motar. Amma jikan ɗan'uwanki ne ke tafiya, kuma ba za ta shiga ba sai kin ce."

Tsohuwar ta dubi mutumin da ke ƙasa, ta ɗaga ido ta hango 'yar ɗan'uwanta a rataye a jikin ƙofa, tana gab da mutuwa saboda biyayya gare ta. Abin ya soke ta. Watanni tana jin daɗin nauyin bakinta, ba ta taɓa tunanin a kan wa nauyin ke sauka ba. Ba ƙoƙo a kusa, ba tulu. Ta wafci ledar fiya wata daga kan tebur, ta fasa da sauran haƙoranta, ta nufi motar da gudun da ba wanda ya san tana da shi. Ta tsiyaya wa kowace taya, tana kiran kakanni a gurguje, har da sunan wanda aka binne ɗazu.

"Na zuba, 'yata. Shiga!"

Yatsun Sedami suka saki. Tanyi ta shige baya ta rungume ta a ƙirji, Romarik ya ja motar, tana hawa ramuka tana sauka kamar yadda ta yi da kwanon ruwa. A asibiti aka wuce da ita ɗakin tiyata. Tanyi da Romarik suka zauna a benci ɗaya, rigunansu duk jini. Sun daɗe a haka kafin wata nas ta leƙo ta ce mace ce, 'yar mitsitsiya, amma ga ta can tana tsala ihu, uwar ma ta tsira. Romarik ya rufe fuska da tafin hannu ya yi kuka kamar yaro. Tanyi ta dafa kansa, ta ce masa ɗana, kalmar da ba ta taɓa haɗa shi da ita ba.

Fofo Anise ya iso da yamma a bayan zem, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. Ba wanda ya tayar da zancen sa, ranar ko bayanta.

Romarik bai raina al'adar matarsa ba, bai kuma sayar da ran ɗiyarsa don a tafa masa a rumfa ba. Ya sha dariya da zagi ya haƙura, haƙurin kuma ya biya shi. Girmama wanda ya tafi wajibi ne, amma ba da ran wanda ke tafe ba, kuma duk babban da aka ba wa ikon sa albarka ya tuna akwai masu tsayawa cak har sai ya buɗe baki.

Ranar sallama Romarik ya kawo motar har bakin ƙofar asibiti. Sedami ta shiga baya da jaririyar, daidai inda kwanon ruwa ya taɓa zama. Tanyi Sika kuwa ta riga ta kame a gaba, jakarta a cinya, tana faɗa masa ya rage gudu tun bai kunna motar ba.