Marigayiya Tana Kan Layi

A zauren jira na ofishin fansho ba mutane ne ke bin layi ba, takalma ne. Tsofaffi ba sa iya doguwar tsayuwa, don haka duk wanda ya iso sai ya cire takalminsa ya ajiye a bayan na wanda ya riga shi, ya koma benci ya zauna. Layin kan taso daga bakin taga har ƙofa, shiru, yayin da masu shi ke jere a jikin bango suna kallonsa. A tsakiya akwai wasu baƙaƙen takalma da ƙura ta rufe. Mai su ya rasu yana jiran kuɗinsa, amma babu wanda zuciyarsa ta iya cire su. Kullum layi ya matsa, sai wani ya sa ƙafa ya tura su gaba.

Silifas ɗin Inna Mai Wanki ne a bayansu. Tun tana budurwa take wanke zannuwan gadon asibiti, har ƙarfi ya ƙare aka sallame ta. Wata da watanni ke nan ba ta ga ko sisi ba. Sauran tsofaffin ana ce musu kuɗi ne bai sauko ba, su ƙara haƙuri. Ita kuwa nata ya fi na kowa ciwo.

"Inna, ki gafarce ni," in ji ma'aikaciyar da ke bayan taga, idonta a ƙasa. "A wurinmu kin rasu."

"Ga ni fa, 'yar nan. Dube ni..."

"Ina ganinki. Amma na'ura ce ke shaida. Ɗora yatsanki."

Ta ɗora. Jar wuta ta kama. Ta goga yatsan a zani, ta hura masa iska, ta sake ɗorawa, har yanzu ja. Sabulu da ruwan zafi sun cinye zanen yatsunta ƙaf, sun bar su sumul kamar bayan cokali. Aikin da ya ba ta haƙƙin fanshon shi ya shafe shaidarta.

Wayyo Allah, rayuwa! Asalin abin, ciwo ne ya kwantar da ita. Ɗan Lele, ɗan ƙanwarta da ta raina tun yana maraya a zanin goyo, shi ya kai ta wani asibiti can bayan gari, ba ta san inda kanta yake ba. Da ta farfaɗo babu shi babu dalilinsa. Kayanta sun ɓace, wata ma'aikaciyar jinya ce ta tausaya ta ba ta tsohon farin zanin gado ta yafa. Ranar da ta dawo gida, maƙwabciyarta ta saki kwano ta ruga a guje, domin an riga an karɓi gaisuwar mutuwarta. Ɗakinta an ba wani haya. Mai gida ya bar mata lungun ƙarƙashin matakala, da sharaɗin in wata ya ƙare ba ta biya ba, ta san inda ta nufa. Yara kan ratse idan sun hango ta. Masu kanti kan ajiye mata canji a kan tebur, ba sa miƙawa a hannu. Tun dawowarta babu mahalukin da ya taɓa jikinta, har wani lokaci takan mintsini kanta ta ji ko da gaske tana nan.

Duk da haka ba ta zargi Ɗan Lele ba. "Wataƙila kuskure aka yi masa a asibitin," take faɗa wa tsohon direban da suke zama benci ɗaya. "Yaron nan yana can yana kukan rashina. Allah Ka tsare mini shi."

Direba ya girgiza kai. "Yaya, ke dai zuciyarki ta fi zannuwan da kika wanke fari."

Rannan da rana tsaka wuta ta ɗauke. Fanka ta yi juyi kaɗan ta tsaya, zauren ya yi duhu-duhu. Tsofaffin nan suna da abin da suka saba: duk lokacin da aka kira magajin wani mamaci ya karɓi haƙƙin gado, sai su miƙe gaba ɗaya su yi wa mamacin addu'a, don ba su san ranar da za a kira nasu ba. Masinja ya leƙo daga ofishin shugaba ya kira magajin marigayiya, ya faɗi suna, har da na mahaifinta. Bencuna suka yi ƙara, tsofaffi suka miƙe, hannuwa a sama.

"Allah Ya jiƙanta... Allah Ya haskaka kabarinta..."

Inna ma ta ɗaga hannu ta ce amin, kafin sunan ya gama shiga kunnenta. Nata ne. Sai ga wani saurayi ya shigo ta ƙofar gefe, sanye da sababbin kaya, ƙamshin turare na binsa, yana share idon da babu hawaye. Ɗan Lele ne! Farin cikin ganinsa lafiya ya mantar da ita komai. Ta taho ta tsakiyar masu addu'a, ƙafa ba takalmi, babu ko motsin taku, a rame, lulluɓe da farin zani, hannuwanta a miƙe.

"Ɗana... ka zo?"

Ya waiwayo. Takardun hannunsa suka zube. Ya ja da baya ya afka cikin layin takalma, ya faɗi zaune.

"Kada ki taɓa ni! Inna, ki koma, ki yafe mini! Na san kina numfashi ranar da na biya aka rubuta takardar mutuwar. Na ɗauka ba za ki kwana ba... Zan yi miki sadaka da rabin kuɗin, wallahi!"

Hannuwan Inna suka sauka a hankali. Yunwa ba ta sa ta kuka ba, barcin ƙarƙashin matakala bai sa ta ba, amma yanzu hawaye suka ɓalle. "Ni da nake roƙon Allah Ya tsare ka," ta ce.

Shugaban ofishin yana tsaye a ƙofa, ya ji komai. Masu gadi suka riƙe Ɗan Lele har 'yan sanda suka iso, suka fita da shi yana waige, takalminsa ɗaya ya saɓule a cikin na tsofaffi. Direba ne ya fara cewa shi shaida ne wannan baiwar Allah tana raye, sauran suka amsa ɗaya bayan ɗaya. Shugaba ya ce a bar na'ura, da hannunsa zai mayar da sunanta, kuma a biya ta duk abin da aka riƙe kafin wata ya ƙare.

Ma'aikaciyar taga ta zagayo da silifas ɗin, ta durƙusa ta ajiye a gabanta. Inna ba ta saka ba. Ta miƙa mata hannun nan mai sumul ɗin yatsu.

"'Yar nan, don Allah riƙe. Faɗa mini gaskiya, da ɗumi?"

Yarinyar ta riƙe da hannu biyu, tana kuka. "Da ɗumi, Inna."

Inna ta daɗe ba ta saki ba. Sannan ta sunkuya ta ɗauki baƙaƙen takalman nan, ta goge su da bakin zaninta, ta kai su bakin taga ta ajiye.

"Ni an gan ni," ta ce wa shugaban. "Saura wannan bawan Allah, ya riga ni zuwa."